Kafin Cokalin Sukari Ya Ƙarasa Abin Da Yaƙi Ya Fara

Mutane suna komawa Khartum. Tun ranar 21 ga Maris 2025 da sojojin gwamnati suka ƙwace fadar shugaban ƙasa, sannan a watan Mayu suka ce sun fitar da dakarun RSF da suke yaƙi da su daga jihar Khartum baki ɗaya, manyan motoci ba su daina shigowa ba, daga Fot Sudan, daga Atbara, daga Kasala, ga kuma jirgin ƙasan da ke kwaso masu komowa daga Alƙahira zuwa Aswan. Zuwa Oktoban 2025 hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka koma birnin sun haura miliyan ɗaya. A cikinsu akwai namu: Hausawan unguwannin Mayo da Ingaz waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, da 'yan kasuwa, da iyalan da yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya watsa. Kowa na maganar bangon da harsashi ya huda da wayoyin lantarkin da ɓarayi suka zare daga jikin gini. Ni abin da ya hana ni sakat yana cikin akushi da kofin shayi, kuma ba a cika ganinsa ba sai ya gama ɓarna.

Mutumin da ya shekara biyu cikin yunwa, ko cikin fargabarta, ba ya komawa cin abinci yadda ya saba. Cikinsa zai cika a mako guda, amma zuciyarsa za ta daɗe tana lissafin ko gobe za a samu. Idan aka bar wannan lissafin ya zama ɗabi'a, shi zai cika asibitocin Khartum da Omdurman da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda nan da 'yan shekaru. Kuma yanzu ne yake zama ɗabi'a, a watannin nan da ake sake ɗora tukunya a gidajen da aka wawashe.

A fara da abin da aka ci lokacin yaƙin. Waɗanda ba su samu fita ba, takiyya ce ta riƙe su, wato murhun unguwa da matasa 'yan sa-kai na ɗakunan agajin gaggawa suka kafa, bisa tsohuwar al'adar ciyarwa ta zawiyoyin shehunai. Tun asuba ake jera bokitai da kwanuka da langa-langa a ƙasa su riƙe wa masu su layi. Hantsi na yi sai a buɗe ƙatuwar tukunya, mai rabo ya riƙa zuba ludayi biyu ko uku gwargwadon bakunan gida. Abin da ke cikin tukunyar kusan kullum ɗaya ne: adas, ɗan jan waken nan mai saurin narkewa, ko ful, ko balila, su ma dangin wake, wani lokaci shinkafa. Malamin jami'a da direban bas da matar da a da take aika tire guda ga maƙwabta, duk a layi ɗaya. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ɗaruruwan murhunan nan suka mutu, waɗanda suka rage suka ƙara wa adas ruwa.

To ga inda matsalar take. Adas da ful da balila da kisra ta dawa su ne mafi alheri ga jiki cikin duk abin da talaka ke iya saye a Sudan. Suna gina jiki, suna da dusa, suna riƙe ciki, ba sa ɗaga sukarin jini farat ɗaya. Amma yanzu sun ɗauki warin ƙasƙanci. Yaron da ya yi wata da watanni yana riƙe da bokiti a rana, ranar da ubansa ya samu kuɗi ba adas zai roƙa ba. Uwar ma ba za ta so ta dafa ba, don tururinsa kaɗai ya isa ya tuna mata ranar da aka binne maƙwabci a harabar makaranta saboda hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗaure ɗanɗano da halin da aka ci abin a ciki, ɗauri mai wuyar kwancewa. Abin da zai maye gurbin, kowa ya san shi: farin burodi, taliya, soyayyiyar zalabiya, lemon kwalba, da shayi mai kauri. Su ne shaidar cewa wahala ta wuce.

An taɓa auna wannan hali da gangan. A ƙarshen 1944, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minesota ta Amurka, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu amma suka yarda a gwada yunwa a jikinsu, don a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai bayan yaƙi. Mako 24 ana ba su kusan rabin abin da suka saba ci, har kowannensu ya zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ramar jiki ba ta ba kowa mamaki ba. Abin da ya faru da tunaninsu ne ya girgiza masu binciken. Maza majiya ƙarfi suka koma tara littattafan girki, suna lasar faranti, suna jan loma ɗaya tsawon lokaci, suna fushi da wanda ya zubar da ɓarɓashi. Da aka sakar musu abinci, wasu suka riƙa cin abin da ya isa mutum biyu ko uku a yini, su tashi ciki ya yi tsam amma suna cewa ba su ƙoshi ba. Watanni suka shuɗe kafin cin nasu ya daidaita. Kitse ne ya fara dawowa kafin tsoka, har ya zarce yadda yake tun farko.

Waɗannan fa mutane ne da suka san ranar da gwajin zai ƙare, ba wanda ya harbe su, ba wanda ya kore su daga gida. Sai a kwatanta da mazaunin Tuti ko Jabal Auliya a jihar Khartum, inda hukumar abinci ta duniya ta ce mutane sun kai bakin matsananciyar yunwa.

Wanda ke cikin mahaifa a lokacin ma bai tsira ba. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe wa yammacin Holan hanyar abinci, mutane kimanin 20,000 suka mutu, kuma shekaru da yawa bayan haka aka gano cewa 'ya'yan da aka yi cikinsu a lokacin sun fi sauran saurin ƙiba da rikicewar sukarin jini. Ba sai mun tafi Turai ba. A 2010 an buga wani bincike da aka yi a kasuwannin Inugu kan mutum fiye da 1,300, aka tarar waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da matsalar sukari, sa'ad da suka kai shekara arba'in. Jikin da aka gina cikin rashi yana koyon tattali, ya riƙe duk abin da ya shigo. Ranar da aka yi masa ambaliyar sukari da mai, tattalin nan ne ke zama cuta. Jariran da aka haifa a Omdurman daga 2023 zuwa 2025 suna kan wannan turbar, kuma abin da za a saba musu da shi a shekarunsu na fari shi zai nuna ko za su faɗa ramin ko za su kewaye shi.

Sudan kuwa da ma ba da lafiya ta shiga yaƙin ba. Ƙiyasin ƙungiyar ciwon suga ta duniya na 2021 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya biyar yana da cutar, abin da ya sa ƙasar cikin waɗanda ta fi yi wa katutu. Binciken ƙasa na 2016 ya samu kusan ɗaya cikin uku da hawan jini. Duk wanda ya taɓa wucewa ta cibiyar Jabir Abul Izz a Khartum kafin yaƙi ya ga masu gyambon ƙafa a jere, wasu an riga an yanke yatsu.

Ba za a gane yadda aka kai nan ba sai an zauna gaban mai shayi. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya ko a bakin Nilu, za ka same ta kan 'yar kujera, gabanta ƙaramin kurfoti na gawayi, da kwalabe jere: ganyen shayi, citta, kirfa, na'ana'a, kanumfari, zoɓo, da garin gahawa. Mafi girma a cikinsu ta sukari ce. Kafin ruwan zafi ya taɓa kofi, cokali ya riga ya shiga sau biyu, sau uku, har farin ya kwanta a gindin gilashi kusan kaurin yatsa. Ba wanda ya tambaya, ba wanda aka tambaya. Da safe shayi da madara da zalabiya, bayan fatur, wato kalacin hantsi, wani, da la'asar jabana ta gahawa, bayan magariba kuma na gida. A ƙasar da ta kafa kamfanin sukari na Kenana tun 1975, rage wa baƙo sukari rowa ce. A ce mutum ya sha kofi biyar a yini, kowanne da cokali uku, ya sha goma sha biyar ke nan, bai taɓa lemo ko biskit ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce iyakar babban mutum kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, in ya sauko zuwa 6 ya fi masa.

Yanzu a ɗora baƙin ciki a kan wannan. Wanda ba ya samun barci, wanda ƙarar babur ke sa shi zabura, jikinsa na neman zaƙi, domin zaƙi na kwantar da fargaba na ɗan lokaci, sa'an nan ta dawo ta nemi ƙari. Kuma wa zai iya hana shi? Ka ce a rage, sai wata dattijuwa ta ce, "Ƙara masa, 'yar nan, ai ya sha wuya." Gaskiya ta faɗa, ya sha wuya. Tausayin ne nake jin tsoro, domin ba a yi masa gardama.

Ba na cikin masu cewa a bar shayi. Wurin mai shayi ne majalisar Khartum, can ake jin wanda ya dawo da wanda ya rasu, kuma zaman da mutane magani ne ga wanda ya ga tashin hankali. Matan nan ma ba ƙananan mutane ba ne: Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kan masu shayi da masu abinci cikin ƙungiyoyin taimakon juna, har lambar yabo ta jaruman mata ta karɓa a Amurka a 2016. Cokalin birnin yana hannunsu. Da za su riƙa kawo shayi babu sukari, su ajiye 'yar ƙaramar kwalba da ƙaramin cokali a gefe, da yawa za su sha rabin abin da suke sha ba tare da an yi musu wa'azi ba, domin mutum ya fi bin abin da ya tarar an shirya a kan abin da zai miƙa hannu ya yi da kansa. Ita ma ta rage kashe kuɗi. A gida kuma a rage rabin cokali, a zauna a haka mako biyu ko uku har harshe ya saba, a sake ragewa. Wanda ya yanke gaba ɗaya ranar Asabar, yawanci Laraba ta same shi ya koma.

Burodi shi ma yana da nasa tarihin. Birni ya daɗe da juya wa dawa baya ya rungumi alkamar da akasarinta daga waje ake shigo da ita, har ta kai ƙarin kuɗin burodi daga fam ɗaya zuwa uku ne ya kunna zanga-zangar Atbara ranar 19 ga Disamba 2018, wadda ta ƙare da faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Kisra tana son jiƙo da tsami da tsayuwa gaban wuta, burodi kuwa miƙa kuɗi ne kawai. Ga unguwanni da yawa ba lantarki, ba firji. Tumatir da ganyen jarjir da kuɓewa ba sa kwana biyu a zafin Khartum, gari da sukari da mai da biskit kuwa sai su yi wata. Saboda haka kada a ɗauka raunin zuciya ne ke sa mace ta cika ɗaki da su. Dabarar da ta rage ita ce ta kakanni: busasshiyar kuɓewa, busasshen tumatir, albasa, gyaɗa, riɗi, garin kuka, tsamiya, dabino kaɗan. Adas ɗin ma a canza masa kama. A sa masa albasa da lemon tsami da man riɗi, a zuba a faranti mai kyau, a ci tare da baƙo, don ya rabu da hoton bokiti.

Dalilin da ya sa nake cewa yanzu, ba baɗi ba, shi ne yadda ɗabi'a ke kafuwa. A 2011 Wendy Wood da abokan aikinta a Amurka sun raba wa masu kallon silima gugguru, wasu sabo, wasu wanda ya kwana bakwai ya yi lamɓas. Waɗanda suka saba cin gugguru a silima sun ci tsohon daidai da sabon, alhali sun ce ba daɗi. Da aka maimaita a ɗakin taro, sai suka ture tsohon. Ashe wuri ne ke ci, ba baki ba. Wannan ya sa ƙaura ko komawa sabon gida ke buɗe wata 'yar ƙofa: tsofaffin alamomin da ke jan hannu sun rushe, sababbi ba su kafu ba. Wani bincike na Phillippa Lally a Landan, da aka buga a 2010, ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254. Gidan da aka koma yau kamar ɗanyen siminti yake, sawun da aka taka a watannin farko da shi zai bushe. Inda aka ajiye gwangwanin sukari, girman cokalin da ke cikinsa, abin da ake miƙa wa yaro in ya yi kuka, duk yanzu ake yanke su, ko an sani ko ba a sani ba.

Akwai wanda ya fi sukari gaggawar kisa, shi ne kunyar rama. A Sudan, kamar a wurinmu, cikar jiki alamar hutu ce da gata. Amarya akan killace ta, a yi mata dilka da turaren dukhan, a ɗura mata kunun hulba har ta murje. Yarinyar da ta fito daga yaƙi wuya ya zurma, ƙasusuwan kafaɗa a waje, tana jin kowa na karanta talaucin gidansu a jikinta. Ga bukukuwan da aka ɗage shekara biyu sun fara dawowa. Tun kafin yaƙi ƙwayoyin ƙiba sun zama ruwan dare a Khartum, ana sayar da su a ƙulle cikin leda ba suna ba takarda, a shagunan kwalliya da hannun dillalai, sanannen cikinsu shi ne wanda ake kira abu najma. Yanzu da sa ido kan magunguna ya yi rauni, ramammu kuma suka ninka, mai wannan sana'a kasuwa ta buɗe masa.

A san abin da ke cikin ledar. Yawanci deksametason ne, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci don kumburi ko asma mai tsanani, a haɗa shi da sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Deksametason ba ya gina tsoka, cinye ta yake yi. Yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ƙeya da tumbi, hannuwa da ƙafafu su sirance. Makonnin farko fuska ta cika ta yi sheƙi, ƙawaye su ce, "Ma sha Allah, kin yi kyau." Bayan haka sai fata ta yi nankarwa ja, al'ada ta rikice, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, a garin da kwalara da zazzaɓin denge da tarin fuka ke yawo. Mafi muni, ƙwayar tana sa 'yan halittun da ke saman ƙoda su daina fitar da sinadarin da ke riƙe jini a lokacin wahala. Shi ya sa wadda ta yi makonni tana sha, kada a ƙwace ledar a zubar a ce an yi maganin abin. Tsayawa farat ɗaya na iya kayar da jini har ta sume, wata ma ta tafi ke nan. A kai ta wurin likita da sauran ƙwayoyin a hannu, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, shi zai rage mata a hankali.

Kada mai karatu a Kano ko Maraɗi ya ce wannan labarin nesa ne. Dilka da halawa da dukhan daga ina suka zo gidajen gyaran amarenmu? Duk abin da aka ce "na 'yan Sudan ne" ba ya kwana a kasuwar mata. Mu ma muna da sha-ka-fashe, abu ɗaya ne aka sauya wa leda. Uwar da ta ga 'yarta ta cika cikin mako uku ba tare da cinta ya canza ba, ta bincika jakarta kafin ta yi murna.

Ƙaramin yaro mai tamowa kuma hukuncinsa daban. Wanda ya rame har fata ta saki, ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a yi masa ɗurar abinci don a rama masa. Jikin da ya daɗe babu, in aka cika shi da zaƙi da tuwo lokaci guda, gishirin fosfet da fotashiyam na barin jini su ruga cikin tsoka, zuciya ta rikice. Shi ya sa a asibiti ake farawa da madara mai sauƙi, kaɗan-kaɗan, dare da rana, kafin a kai ga gyaɗar tamowa ta cikin leda, irin wadda mutanen Maraɗi suka sani tun yunwar 2005. Ita kuma magani ce mai ƙidaya. In aka raba wa yayye don kada su yi kuka, ko aka kai kasuwa, mai ciwon ne ya biya.

Sai ruwa, wanda ba ya jiran shekaru. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun lalata tashoshin lantarki a Omdurman, injinan tace ruwa suka tsaya, jama'a suka koma Nilu da rijiyoyi da gangunan amalanken jaki. Kafin watan ya ƙare ma'aikatar lafiya ta ce kwalara ta kashe mutum 172 cikin mako guda, ta kama wajen 2,700, kashi 90 cikin 100 a jihar Khartum. Da annobar ta lafa, hannu ya koma inda ya saba. Mu da su duk Malikiyya ne, tun muna yara aka koya mana cewa ruwa mai tsarki ne muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba. Wannan hukuncin alwala ne, kuma daidai yake a babinsa. Ƙwayar kwalara ba ta taɓa ko ɗaya cikin ukun. Randar zir da ake ajiyewa a ƙofar gida sadaka ga mai wucewa tana sanyaya ruwa, tana kwantar da laka, amma ba ta kashe cuta, kuma moɗa ɗaya ce hannu ɗari ke tsomawa. Mutane na ƙin ruwan da aka sa wa kulorin don warinsa, su zaɓi garai-garai mai daɗi. Warin nan shi ne shaidar cewa an kashe abin da ke ciki. A jefa ƙwayar kulorin bisa awon da aka rubuta, a jira rabin awa, ko a tafasa. A yi wa randa murfi da moɗa mai dogon hannu, murfin ma zai hana sauron denge, wanda ya kwantar da unguwanni a daminar 2025, yin ƙwai a ciki. Kafin a kewaye tire, butar wanke hannu ta zagayo da sabulu. In zawo mai kama da ruwan shinkafa ya fara, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa sha ana tafiya asibiti. Nan ne sukari ke ceton rai.

Akwai wasu mutane da nake so a nemo tun yau: dattawan da ke shan maganin suga ko na hawan jini kafin yaƙi, magani ya yanke, insulin ya lalace don ba firji, sa'an nan suka ga ba su mutu ba. Yunwa ta sauke musu nauyi, sukarin ya ɗan sauka, ƙishirwa da yawan fitsari suka ragu, sai suka ce Allah ya yaye. Allah na yayewa, amma a auna a gani. Da shayi da burodi suka dawo, cutar za ta dawo a ɓoye, ba magani a gabanta, ta fara da ido da ƙoda da tafin ƙafa.

Wanda ke aika kuɗi ta manhajar Bankak daga Kano ko Jidda ko Yamai, yana da bakin magana fiye da yadda yake zato. Kada ya tsaya a "ku sayi abin da kuke so". Ya ware na adas da ƙwai da gyaɗa da albasa, na sabulu da ƙwayar kulorin, na maganin Baba na wata uku. In zai yi tsaraba, na'urar awon suga da tsinkayenta da na'urar awon jini sun fi katan ɗin alewa, kuma gida goma za su amfana da su. Duk wanda ya haura arba'in, ko ya taɓa cutar, ko ya sha ƙwayar ƙiba, a auna shi da safe kafin ya sa komai a baki. Sukari 126 ko sama da haka a rana biyu daban-daban, ko jini 140 bisa 90 da ya ƙi sauka, maganar likita ce a makon nan. Idan Baba ya ce maka ai lafiyarsa lau, ka ce Alhamdu lillahi, sa'an nan ka roƙe shi ya sa a turo maka hoton takardar awon.